Neman shawara: yarona ya nace sai na kai shi Central Park na Wigan

Baban Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Manchester. Yarona mai shekara 12 ya shiga ƙungiyar zari-ruga ta makarantarsu, irin wadda kowane ɓangare ke da 'yan wasa 13, kuma abin ya shiga ransa sosai. Kocinsu mutumin Wigan ne, kullum sai ya ba su labarin wani fili wai shi Central Park. Yanzu yaron ya hana ni sakat sai na kai shi. Sai kuma na ji an ce filin ma babu shi. Don Allah wanda ya san garin ya ba ni shawara: akwai abin gani, ko kuɗin jirgi kawai zan ɓatar?

Kawu na Bolton:
Wa alaikumus salam, Baban Haidar. Gaskiya aka faɗa maka. An sayar da filin ga kamfanin Tesco, aka rushe shi bayan wasan ƙarshe a 1999. Yau in ka je, babban kanti za ka tarar da wurin ajiye motoci. Titin da ke wajen ne ya gaji sunan, Central Park Way. Kogin Douglas kuwa yana nan yana wucewa ta gefe kamar da.

Duk da haka ni ina ganin ka kai shi, amma ka riƙe labarin kafin ku tashi, don kai ne za ka zame masa idon gani. An buɗe filin ranar 6 ga Satumba 1902, Wigan ta ci Batley 14 da 8. Shekara 97 suna wasa a nan. A watan Maris 1959 mutum 47,747 suka cika shi don kallon karawa da St Helens, maƙwabtansu kuma manyan abokan hamayyarsu. Ka tsaya da shi a tsakiyar motocin nan ka ce ya ƙiyasta wannan taro a wurin, mafi yawansu a tsaye, ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙa da 'ya'yansu. Wasan talakawa ne tun asali. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle saboda suna so a biya ɗan wasa ladan aikin da ya rasa ranar wasa, masu hannu da shuni na kudu suka ƙi.

Dattawan garin sun fi yawan ambaton daren 7 ga Oktoba 1987, da zakarun Ostareliya, Manly, suka zo. Wigan ta ci 8 da 2, ba wanda ya iya kai ƙwallo bayan layi a duk wasan saboda tsananin tsaro, duk makin da bugun ƙafa aka same shi. Wasan bankwana ma da St Helens aka yi, 5 ga Satumba 1999, Wigan ta ci 28 da 20.

Ɗan Zazzau:
Kawu, a yi min afuwa, amma yaro ɗan shekara 12 ba zai gamsu da wurin ajiye motoci ba, kome daɗin labari. Baban Haidar, ka daidaita tafiyar da ranar da ƙungiyar, wadda yanzu ake kira Wigan Warriors, ke wasa a gida. Kakar tana farawa a Fabrairu ta ƙare a Oktoba. Sabon filinsu, wanda suke rabawa da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wigan Athletic, yana ɗaya gefen garin. Da JJB ake ce masa, ya koma DW, yanzu Brick Community Stadium. Ku leƙa tsohon wurin na ɗan lokaci, sannan ya ga 'yan wasan Wigan cikin rigarsu mai ja da fari a fili da idonsa.

Maman Iman:
Ni ina bayan duka biyun. Ku hau jirgi daga Manchester Victoria ku sauka a Wigan Wallgate, bai kai awa ɗaya ba. Daga tashar da ƙafa za ku isa tsohon filin, ba sai kun nemi tasi ba. A hanya ku biya ta Believe Square ku ga mutum-mutumin Billy Boston. Baƙar fata ne ɗan Cardiff, ya kai wa Wigan ƙwallo bayan layi sau 478, kuma a 2025 ya zama ɗan wannan wasa na farko da Sarkin Ingila ya ba muƙamin Sir. Ka gaya masa labarin Martin Offiah ma. A Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne. Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992, kuma a shekarar ya kai ƙwallo bayan layin Leeds sau 10 a wasa ɗaya a wannan fili da kuke shirin zuwa. Yaranmu da ke tasowa a nan suna buƙatar jin irin waɗannan sunaye, wallahi.

Abinci kuma ku yi hattara. Garin ya shahara da burodinsu mai nama a ciki, ana sayarwa ko'ina ranar wasa, amma naman ba yankanmu ba ne. Ku riƙo guzuri daga gida, da rigar ruwa.

Baban Haidar:
Allah ya saka da alheri, Kawu, da ku duka. Zan duba jadawalin wasanninsu yau da dare. Ɗan Zazzau, tikitin yara a ƙofa ake saya ko sai ta intanet?

Ɗan Zazzau:
Saya ta shafin ƙungiyar tun da wuri, musamman in da St Helens za a buga.