VAT ɗin da ake cire min a kasuwar intanet ya ɗaure min kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Argungu, sana'ata kifin banda da turaren wuta da humra. Bara na buɗe shago a wata kasuwar intanet, yanzu kayana suna kaiwa har Abuja da Legas.

Matsalar tana cikin lissafin da suke turo min duk ƙarshen mako. Sai su cire kamasho, su cire kuɗin kai kaya, sannan ga wani layi guda na VAT, wato harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan saye da sayarwa, a dunƙule, ba a ware na kifi da na humra ba. Daren jiya na zauna da biro da littafina har yara suka yi barci, ban gano ko a kan kamashonsu aka ɗora shi ko a kan kuɗin kayana ba.

Na san a Fabrairun 2020 harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba. Wallahi ko kusa ban kai ba. Kifi kuma abinci ne, a ganina bai kamata a ɗora masa VAT ba.

In na ƙara farashi, masu saye su koma wajen masu talla a WhatsApp. In na bar shi, ribar humra ta tafi. Sau biyu na rubuta musu, shiru, sai ma suka nemi lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji.

Don Allah wanda ya san harkar haraji, in na yi TIN ɗin za a daina cirewa? Kuma wanda aka riga aka cire, ana iya dawo min da shi?