Tankar gas ta lita 33,000 ta ba da tan 27.4 a sikeli, an ci mu ne?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da sito a wani kamfanin ƙanƙara ta wajen Ikeja, janaretocinmu gas (wato dizal) suke sha. Jiya tanka ta kawo mana kaya daga Apapa, takarda ta ce lita 33,000. Mun ɗora ta a sikeli cike, mun sake ɗora ta bayan an juye, bambancin ya fito kilo 27,400. Oga ya ce shi dai ya san tan ɗaya na gas lita 1,164 ne. Ya buga a waya ya samu 31,894, yanzu yana cewa sama da lita dubu ta salwanta, har ya riƙe wa direba takarda. Masu sani, ina gaskiyar take?

Injiniya Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, ka lallaɓa Oga ya saki bawan Allah tukuna. Wannan 1,164 ɗin adadi ne da ake yawan amfani da shi wajen lissafin kaya masu yawa, kuma an gina shi a kan cewa lita ɗaya kusan kilo 0.86 ce. To ba kowane gas ne ke da wannan nauyin ba. Yawanci yana tsakanin 0.82 da 0.86, ya danganta da matatar da ta tace shi. Idan 0.85 ne, tan ɗaya lita 1,176 ne. Idan 0.82 ne, ya kai 1,220.

Sannan ga zafi, wanda mutane ke mantawa da shi. Nauyin da ake rubutawa a takardar gwaji na mai ne a digiri 15, mu kuwa a Legas da rana man cikin tanka yana iya kai digiri 30. Gas yana buɗewa idan ya ɗumama, litar ta ƙaru amma kilon yana nan yadda yake. Man da aka rubuta 0.84 zai koma kusan 0.83 a zafin nan namu. Raba 27,400 da 0.83 ka gani: 33,012. Ka ga ke nan mai yiwuwa ko ɗigo bai ɓata ba.

Baban Tanka:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Abin da ke damunmu ke nan mu direbobi. A daffo da lita ake loda mana, mita ce ke ƙirgawa. Ka sha cunkoson Apapa, ka iso a gajiye, sai a karɓe ka da kilo. Ɗan Agege, tambaya ɗaya: awon farko da yaron mota a ciki aka yi, na biyu kuma ya sauka? Kilo 70 na mutum ya fi lita 80 a lissafinku. Kuma kun duba hatimin da ke bakin kowane ɗakin mai na tankar kafin a buɗe? Kun tsoma sandar awon mai?

Hajiya Mai Gidan Mai:
Ni kuma kada a yi saurin wanke kowa. Kananzir ya fi gas rashin nauyi, wajen 0.80 yake, don haka gas ɗin da aka gauraya shi ma zai yi sauƙi a sikeli alhali lita ta cika. Ɗana, ku sayi ma'aunin gilashin nan da ake tsomawa a mai ya nuna nauyinsa, da na auna zafi. Ku ɗebi samfur daga kowane ɗaki kafin juyewa, ku gwada da abin da ke takardar daffo. Ku kuma shafa man gano ruwa a sanda, don ruwa ƙasa yake kwanciya.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Na duba takardar, 0.841 aka rubuta a digiri 15, hatimi kuma duk lafiya muka same su. Oga ya sa hannu, direba ya tafi. Hajiya, ma'aunin nan a Legas ta ina ake samunsa?