Farantin alminiyom ya ƙi yankuwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da wani aiki a gida. Ina so in haɗa mazaunin injin Honda GX160 wanda nake ban ruwa da shi. Na zaɓi alminiyom ne saboda a bayan babur nake ɗaukar injin zuwa fadama, tsohon mazaunin na baƙin ƙarfe kuwa nauyinsa ya ishe ni. Farantin mai kaurin milimita 10 ne, an buga masa 6061-T6 a gefe, wato lambar nau'in alminiyom ɗin.

Da giranda na fara. Ban yi nisa ba dutsen yankan ya cushe, alminiyom ɗin ya narke ya manne a bakinsa kamar cingam, sai gugar banza yake yi, farantin ya ɗau zafin da ba ya taɓuwa. Na tsorata kada dutsen ya fashe min a fuska, na ajiye. Na koma zarton hannu ina ɗiga kananzir. Yana ci, amma rabin awa ban wuce tsawon ɗan yatsa ba, layin ma ya karkace.

Wani ya ce in sa faifan yankan katako mai haƙoran kabayid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) a injin zarto. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a irin wannan kaurin? Haƙora nawa, kuma ba ya fizgar hannu?

Abin da ya fi damuna shi ne lungun ciki, inda farantin zai kewaye wurin juye man injin. In jera huji da diril in ƙarasa da magagari? Ina gudun kusurwa mai kaifi, don nan girgizar inji ke fara tsaga alminiyom. Walda kam ba na so, tana rage wa 6061 ƙarfi.

Na gode.