Waɗanda suka yi horon bazara a binciken duniyoyin sama, ku ba ni labari

Zainabu ta Jiyoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a sashen ilimin ƙasa da duwatsu, kuma cikin ikon Allah an ɗauke ni horon bazara na mako 10 a Lunar and Planetary Institute, cibiyar binciken Wata da duniyoyin sama da ke Houston, a Amurka. Murna kam na yi ta, amma tun da saƙon ya iso gabana ke faɗuwa. Iyakar sanina dutsen ƙasarmu, ga shi an ce a kan Wata zan yi aiki. Don Allah yayyena da suka taɓa yin irin wannan, can ko wani wuri, yaya aikin yake? Abin da kuka gani da idonku nake son ji.

Yaya Sani

Wa alaikumus salam. Barka ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ni ma a kan Wata na yi nawa, kuma ki sani tun yanzu, yawancin aikin zama ne gaban kwamfuta. An ba ni hotunan kumbon LRO, wanda ke kewaya Wata tun 2009, aka yanka mini fili aka ce in ƙirga ramukan da duwatsu suka haƙa da suka faɗo. Kyamararsa na iya nuna abin da bai fi mita ɗaya ba, don haka ramukan ba sa ƙarewa. Ki zagaye wannan, ki auna faɗinsa, ki wuce na gaba.

Da farko sai ki ga kamar aikin wahala ne kawai. Amma Wata ba shi da ruwan sama ko iskar da za ta share rami, saboda haka filin da ya fi yawan ramuka shi ya fi tsufa. Duwatsun da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso daga Wata tsakanin 1969 da 1972, kilo 382, su ne ma'auni: an auna shekarunsu a ɗakin gwaji, an san yawan ramukan wuraren da aka ɗebo su, sai a gwada sauran wurare da su. Inda ake shan wuya shi ne ramukan da ɓaraguzan babban rami suka haƙa da suka sake faɗowa. Za ki gan su a jere ko a cunkushe, ba su cika zagaye ba. In kin sa su cikin lissafi, fili zai fito da tsufan da ba nasa ba. Ranar da idona ya fara rabe su ba tare da an nuna mini ba, ranar na ji na shiga sana'ar.

Ɗan Faskari

Ni nawa a wata jami'a ce a Turai, a ɗakin nazarin duwatsun da suka faɗo daga sama. Wata safiya malamar da ke kula da ni ta tambaye ni daga wane yanki nake a Najeriya. Da na ce Katsina, ba ta ce komai ba, ta buɗe durowa ta miƙo mini ɗan gilashi da aka manna siririn yankin dutse a kansa. A jikin takardarsa an rubuta Zagami.

Zainabu, Zagami fa a ƙasarmu take. A watan Oktoba na 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona a can, kusa da wani manomi, kuma daga duniyar Mas ya fito. An tabbatar da asalin irin waɗannan duwatsun ne saboda iskar da ta maƙale a cikinsu ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a Mas a 1976. Na girma a yankin, ban taɓa jin labarin a makaranta ba, sai da na ƙetare teku. Har yau abin na ci mini rai.

An goge yankin dutsen har kaurinsa ya koma maikuron 30, wato kashi 3 cikin ɗari na milimita, haske na ratsa shi. Da na sa shi a madubin ƙara girma na juya faifan, sai ƙwayoyin ma'adinin suka riƙa sauya launi, rawaya, ruwan toka, ruwan goro. A tsakaninsu akwai wasu wurare baƙi ƙirin, duk yadda na juya ba sa haske. Malamar ta ce a da su ma ƙwayoyi ne, bugun da ya fizgo dutsen daga Mas ne ya mayar da su gilashi. Ga wasu siraran jijiyoyi baƙaƙe inda dutsen ya narke ya sake daskarewa. Na daɗe ban ɗaga kai ba.

Ilimin da kike da shi ya isa ki fara. Dutsen aman wuta ne kamar wanda aka koya miki a aji, wurin zuwansa ne kawai daban.

Anti Bilki

'Yata, ni zancen zama zan miki. Houston a watan Yuli zafi ne mai gumi irin na Legas, cikin ofis kuwa sanyin na'ura har ƙashi, ki tafi da rigar sanyi. Motar haya ba ta wadata a unguwannin bayan gari ba, ki yi ƙawance da masu mota tun makon farko. Masallatai da naman halal ba matsala, 'yan Najeriya ma suna da yawa a garin. Magariba kan wuce ƙarfe takwas. Kuma ki fara maganar biza yau, kada ki jira gobe.

Malam Hadi

Bari in kawo ɗaya ɓangaren, kada a ɗauka kullum daɗi ne. A jami'ar da na yi nawa, malamin da aka haɗa ni da shi ya yi tafiya kusan rabin lokacin. Ya bar mini tulin bayanai da manhajar da ban taɓa gani ba. Wata ɗalibar digirin digirgir ce ta ji tausayina ta zauna da ni. A ƙarshe sakamakon ma bai nuna abin da aka yi tsammani ba. Shawarata, ranar farko ki tambayi mai kula da ke: wace tambaya ɗaya muke son amsawa, kuma wa zan nema in ba ka nan?

Yaya Sani

Malam Hadi, na yarda da batun tambayar, amma sakamakon da bai zo yadda aka so ba ai sakamako ne. A Houston ana rufe horon da taro, kowa ya rubuta taƙaitaccen rahoto ya tsaya gaban masana. Wasu ma kan kai aikinsu babban taron watan Maris da ake yi a The Woodlands, kusa da Houston. Abin da ake dubawa shi ne yadda ka yi aikin da kuma ko ka san iyakar abin da bayananka za su iya faɗa.

Baba Alhassan, Kumasi

Ni ban je Amurka ba. Wani malaminmu ne ya kwashe mu hutu zuwa tafkin Bosumtwi, kudu maso gabas da Kumasi. Rami ne da dutsen sama ya haƙa shekara miliyan ɗaya da 'yan kai, faɗinsa kilomita 10 da rabi. Mun riƙa hawa gangaren bakinsa da guduma muna neman dutsen da ya farfashe ya haɗe da narkakken gilashi. Ƙannenmu da ba a ɗauka bana ba, kada su karaya, akwai inda za a fara a gida.

Zainabu ta Jiyoloji

Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta sosai. Ɗan Faskari, wallahi sai da na kira babana na karanta masa naka. Yaya Sani, kafin in tafi me zan fara koya?

Yaya Sani

Ki sauke JMARS, manhajar taswirar Wata da duniyoyin sama, kyauta ce daga jami'ar jihar Arizona, ki buɗe taswirar Wata ki nemo inda Apollo 11 ya sauka, ki fara auna ramuka da kanki. Ki ɗan taɓa Python, yaren ba kwamfuta umarni, ko da na zana jadawali ne. Sannan ki rubuta wa mai kula da ke ki roƙi maƙala biyu ko uku da yake so ki karanta. In kin maƙale a JMARS ki yi mini magana, ina nan bayan isha'i.