Taƙaitawa: Hutun Sallah da Abokai a Kano

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar tattaunawa kan yadda abokai za su tsara hutun Sallah a Kano.

An yi ittifaƙi a kan:

1. A kama masauki tun mako biyu kafin Sallah, ɗakuna na cika da wuri.
2. Kuɗin ci da na adaidaita sahu a tara su hannun mutum ɗaya. Yawancin saɓanin abokai daga nan yake farawa.
3. Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta take. Daga nan Gidan Makama (gidan adana kayan tarihi), sai Karofin Ƙofar Mata.
4. Hawan Daushe washegarin Sallah ne da yamma, a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano. A isa tun azahar, don ana rufe hanyoyi, kuma waya ta koma aljihun gaba. Amma a fara tabbatar za a yi hawan, an sha dakatar da shi a shekarun nan.

Inda aka rabu: kasuwar Kurmi. Wasu sun ce a je kafin Sallah, tunda rumfuna da dama na rufe ranakun biki. Wasu sun ce cunkoson jajibere ya yi yawa, a bari sai an koma kasuwa bayan Sallah. Ni ina tare da na biyun, musamman ga mai son takalman fata, don ciniki na son natsuwa.