Gaggafar Rasha a Amurka: ta yaya aka gane ita ce?

Sabon Shiga: Salamu alaikum, malamai. Gaggafar Steller (wata irin babbar gaggafar teku) da aka gani a jihar Alaska ta Amurka a 2020, sannan a Kanada da jihar Maine ta Amurka a 2021, ta yaya aka san tsuntsuwa ɗaya ce?

Mai Hangen Tsuntsaye: Wa alaikumus salam. Hotunanta aka gwada. Inda farin gashin fiffike ya haɗu da baƙi, kowace gaggafa da nata zanen. Asalin irinta gabashin Rasha ne, da hunturu su gangaro Hokkaido ta Japan.

Baba Mai Kyamara: Ɗana, in ka ci karo da baƙuwa irinta, ɗauki fiffike a buɗe, sama da ƙasa, har jela. Rubuta rana da wuri. Duba ƙafa: igiyar fata alama ce ta tsere wa mai kiwonta ne. Kada ka matsa kusa, tashi za ta yi.