Kuskure mai lamba 40: laifin Named Pipes ne ko na ƙofar TCP?

Mai kula da rumbun bayanai, Birni: Assalamu alaikum. Jiya da la'asar kuran ya ɗauke a ma'aikatarmu, batirin sabar ta farko ya gaza, sai aikin SQL Server, manhajar rumbun bayananmu, ya koma kan ta biyu kamar yadda aka tsara gungun, wato sabobin da aka haɗa don ɗaya ta karɓi aiki idan ɗayar ta gaza. Rumbun ya tashi lafiya, amma kwamfutocin masu karɓar kuɗi suka kasa isa gare shi, kowace tana nuna kuskure mai lamba 40 tare da sunan Named Pipes, ɗaya daga cikin hanyoyin da kwamfuta ke bi ta isa ga rumbun. Ra'ayina shi ne, tunda saƙon ya kama suna, Named Pipes ne mai laifi, kuma kunna shi ne magani.

Injiniyar rezo, Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda ba. A tsarin da Microsoft ya saba, kwamfutar da ke nesa tana fara gwada hanyar TCP, wadda ke shiga saba ta ƙofa mai lamba, idan ta kasa sai ta koma ga Named Pipes, kuma saƙon da take nunawa na wanda ta gwada a ƙarshe ne. Wato wanda aka iske a bakin ƙofa aka kama, ɓarawon ya riga ya tsallake katanga. Kafin a taɓa komai, a rubuta tcp: a gaban sunan gungun, a ƙara waƙafi da lambar ƙofa, a gwada da sqlcmd, ƙaramar manhajar aika umarni ga SQL Server, domin hakan yana hana komawa ga ɗaya hanyar, sai ainihin kuskuren ya bayyana.

Mai kula da rumbun bayanai: Hajiya, na aika ping, wato saƙon gwajin hanya, zuwa adireshin gungun kuma ya amsa, saboda haka hanya a buɗe take.

Injiniyar rezo: Ping da wata hanya daban mai suna ICMP yake aiki, Malam, yana shaida cewa gidan yana nan, ba ya shaida cewa ƙofa ta 1433, wadda SQL Server ya saba sauraro a kanta, a buɗe take. Abin da nake zargi shi ne katangar tsaron Windows ta sabar ta biyu. Gungu yana ɗaukar sunan aikin da adireshinsa da faifansa ya kai wa ɗaya sabar, amma dokokin katangar tsaro na kowace na'ura nata ne, kuma sau da yawa wanda ya kafa tsarin yakan buɗe ƙofa a ta farko ya manta da ta biyu, ba kuwa za a gane ba sai ranar da aka yi ƙaura irin ta jiya. Idan kuma SQL Server ɗin naku an ba shi sunansa daban lokacin kafa shi, ba na asali ba ne, wataƙila ma ba a 1433 yake sauraro ba, sai mataimakinsa SQL Server Browser ya faɗa wa kwamfuta lambar ta ƙofar UDP ta 1434. Kundin kurakuran SQL Server yana rubuta ƙofar da yake sauraro duk lokacin da ya tashi.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou: Ina neman afuwar manya. An koya mana cewa sunan gungu yana zama a ma'ajiyar DNS ta kwamfuta, inda take tuna adireshin kowane suna, har daƙiƙa 1200, wato minti 20. Ba zai yiwu tsohon adireshi suke bi ba?

Injiniyar rezo: Tambayarka tana da kyau, ƙanena, amma wannan yana faruwa ne idan sabobin suna rassan rezo daban, inda adireshi ke canjawa bayan ƙaura, kuma can ne saitin haɗi na MultiSubnetFailover ke amfani. Nasu suna ɗaki ɗaya, adireshin bai motsa ba.

Mai kula da rumbun bayanai: Duk da haka, Hajiya, layi ya kai bakin titi jiya. Da na kunna Named Pipes, da mutane sun biya sun tafi gida kafin magariba, bincike kuma ya biyo baya.

Injiniyar rezo: Da wataƙila ya yi aiki, ban musa ba, amma Named Pipes ta ƙofa ta 445 yake bi, wadda ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta yaɗu ta cikinta a watan Mayun 2017, kuma ba zan so a jingina kuɗin jama'a da ita ba alhali ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Mai kula da rumbun bayanai: Na duba yanzu. Kundin ya nuna 1433, kuma lallai babu dokar buɗe ta a sabar ta biyu. Na ƙara ta. Sai dai ina nan a kan bakana cewa a ranar gaggawa Named Pipes yana da amfani. Ranar Asabar bayan an tashi aiki zan sake yin ƙaurar zuwa sabar ta biyu da gangan, mu ga ko kwamfutocin za su shiga.